Gaya, garin bakin kogi

1. Hanyar Gaya

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Wanda ya dubi taswira zai ga ƙasashe bakwai sun kewaye ta: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Amma tana da babban kogi guda, kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara. Kogin yana ratsa yammacin ƙasar, tafiyar kimanin kilomita 550. A ƙarshen wannan tafiya, can kudu, inda ya kusa shiga Najeriya, nan garin Gaya yake.

Gaya tana cikin jahar Doso. Akwai wata Gaya a ƙasar Kano, amma ba ita ake nufi ba a nan. Daga Yamai mota takan bi ta Doso, tafiyar kimanin kilomita 140. Daga Doso sai ta karkata kudu, ta ƙara kimanin kilomita 150.

Matafiyin da ya zauna kusa da taga zai ga ƙasa tana canjawa. Da fari sai sabara da geza da ƴan ƙananan itatuwa. Yana ƙara yin kudu, itatuwa suna ƙara tsawo, suna ƙara kauri. Ga kuka, ga ɗorawa, ga kaɗanya. Can sai ya fara hango giginya tsaye a cikin gonaki. In ya ga haka, to ya kusa.

Garin yana gefen hagu na kogi. A ƙetare akwai Malanbil, garin farko na ƙasar Benin. A gabas kuma, ba da nisa ba, akwai Kamba ta jahar Kabi a Najeriya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami sama da mutum 60,000 a garin Gaya da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. Noman waɗannan mutane da sunsu da kasuwancinsu da abincinsu duk sun rataya a kan abu guda: ruwa.

2. Inda damina ta fi albarka

Babu inda ake samun ruwan sama a Nijar kamar yankin Gaya. A shekara akan sami kimanin milimita 800. Yamai ba ta cika kai 600 ba, Agadas kuwa ko 200 ba ta samu. Damina takan faɗi da wuri a Gaya, tun cikin watan Mayu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba. Saboda haka manomi yana shuka gero da dawa da masara da gyaɗa da wake, kuma yana dasa rogo da dankali.

Ban da ruwan sama akwai na ƙasa. Manyan kwaruruka biyu sun gangaro daga arewa zuwa yankin: Dallol Mawri, wanda ya ratso ta Dogon Dutsi, da Dallol Foga. Kalmar dallol ta Fillanci ce, ma'anarta kwari. Dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyawa, waɗannan kwaruruka koguna ne masu gudu. Yau sun ƙafe, amma ruwa yana nan kwance kusa a ƙarƙashin rairayi. A wasu wurare mutum ba ya haƙa gaba biyu sai ya tarar da shi. Shi ya sa ake noman rake da albasa da tumatir a fadamun dallol, ana kuma dasa mangwaro da gwaba da lemo. Da rani, sa'ad da wasu yankuna suka yi fari fat, lambunan Gaya kore suke.

3. Kogi mai cika sau biyu

Kogin Isa shi ne na uku a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kwango. Tsawonsa kimanin kilomita 4,200 ne. Zabarmawa suna kiransa Isa Beri, wato babban kogi. Mafarinsa yana cikin duwatsun ƙasar Gine, kimanin kilomita 240 kawai daga teku. Amma bai nufi tekun ba. Sai ya juya mata baya, ya yi arewa maso gabas cikin Mali har bakin hamada wajen Tambutu. Daga nan ya lanƙwaso kudu, ya wuce Gawo da Tilaberi da Yamai da Gaya, ya ratsa Najeriya, sannan ya faɗa teku.

A Gaya kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa cikin Agusta da Satumba. Ruwan damina ne na nan kusa, wanda ƙananan koguna suke kawowa, irin su Sirba da Mekuru da Alibori da Sota. Wannan ruwa yana kwaso jar ƙasa, don haka launinsa ja ne.

Cika ta biyu ita ce abin mamaki. Tana zuwa cikin ɗari, wajen Janairu, lokacin da aka yi watanni ba a ga ko ɗigon ruwan sama ba. Daga ina wannan ruwa ya fito? Ruwan daminar Gine ne. Da ya iso tsakiyar Mali sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya bazu cikin tafkuna da fadamu, ya yi ta tafiya sannu sannu. Sai ya yi watanni kafin ya iso Nijar. A hanya laka ta kwanta, ruwan ya tace, shi ya sa ake ce masa baƙin ruwa.

Daga nan kogi yakan yi ta janyewa har Mayu da Yuni. Tsibirai su fito, rairayi ya bayyana. A shekarun fari janyewar takan yi tsanani. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai.

Manomin shinkafa da masunci da makiyayi kowa yana lissafi da wannan cika da janyewa. Akwai shinkafar fadama, wadda ake shukawa da damina, tana tsawo ruwa yana hawa. Akwai kuma ta gandun noman rani, inda injuna suke jawo ruwa daga kogi zuwa cikin fangali, ana girbi sau biyu a shekara. Irin wannan gandu yana nan a Gaya da ƙauyen Tara. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ce take taimakon ƙungiyoyin manoma wajen kula da su.

4. Mutanen Dandi

Ana kiran wannan yanki ƙasar Dandi. A harshen Zabarmanci dandi yana nufin kudu, wato inda kogi ya nufa. Ƙasar Dandi ba ta tsaya a Nijar ba. Ta haɗa da arewacin Benin da wani yanki na jahar Kabi, inda Kamba take zaman babban garin ƙaramar hukumar Dandi.

Cangawa, waɗanda wasu ke kira Kyangawa, suna cikin mutanen da suka fara zama a nan. Suna da nasu harshe, amma yau yawancinsu Hausa ko Dandanci suke yi. Dandawa kuwa dangin mutanen Sangai ne. A 1591 sojojin Maroko, masu bindigogi, suka ci daular Sangai da yaƙi a Tondibi, kusa da Gawo. Wasu ƴaƴan sarautar Askiya suka bi kogi suka yi kudu. Daga ƙasar Dandi Askiya Nuhu ya yi shekaru yana yaƙar Marokawa. Har yanzu Badande da Bazabarme suna jin maganar juna.

Hausawa sun zo ta hanyar fatauci da su da noma, daga Kabi da Arewa da Gobir da sauran wurare. Fulani sun zo da shanunsu, saboda ciyawar bakin kogi. Yaron da ya tashi a Gaya yakan ji Dandanci a gida, Hausa a kasuwa, Faransanci a lakwal. In ya ce wa mutum «sannu» bai amsa ba, sai ya ce «fofo».

Zama wuri ɗaya ba ya rasa saɓani. Wani lokaci shanu su shiga gona kafin a kwashe amfani, wani lokaci manomi ya cinye burtali. Irin wannan magana takan je gaban mai gari da ardo da dattawa. Akwai kuma wasan taubasai, wanda yake sanyaya zukata. Bagobiri da Bazabarme taubasai ne, haka ma Bafillace da Ba'are. Suna tsokanar juna, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani, amma ba a fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin abubuwan gado na duniya.

In aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, kamar girbin shinkafa ko jawo sabon jirgi zuwa ruwa, sai a kira gayya. Maƙwabta su zo da kayan aikinsu, mai gayya ya ba da abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan kaka kuma, in rumbu ya cika, sai a buga gangar kokawa a dandali.

5. Masunta

Baƙon da yake son ganin Gaya sosai, sai ya yi sammako ya tafi bakin kogi. Kafin rana ta fito jiragen masunta suna dawowa. Mata masu sayen kifi suna jira da kwanoni da daro. Masu wanki sun fara buga tufafi a kan dutse. Farin balbela yana bin shanu a gaɓa.

Masuntan asali na wannan kogi su ne Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko. Akwai kuma Kabawa, waɗanda suka shahara da su tun da daɗewa. A ƙasarsu ne ake bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Masunta suna da shugabansu, sarkin ruwa. Shi yake sasanta su, shi ake nema in jirgi ya kife ko wani ya nutse.

Kayan su iri iri ne. Birgi raga ce mai dalma a baki, wadda masunci yake jefawa ta buɗe kamar faifai ta rufe kifi. Kalli doguwar raga ce da ake shimfiɗawa cikin ruwa a bar ta ta kwana. Mamari igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa. Gura tarko ne mai kama da kwando: kifi ya shiga, ba ya iya fita. Koma kuwa ta hannu ce, ita ce ta cikin karin maganar nan, «kifi na ganinka, mai jar koma».

Sarkin kifayen kogi shi ne giwan ruwa. Babba yakan fi mutum nauyi. Akwai tarwaɗa mai gashin baki, da karfasa, da ragon ruwa, da ƙurungu mai ƙaya, da tsage mai haƙora. Akwai minjirya, wadda take jan mutum kamar lantarki in ya taɓa ta. Ban da kifi akwai dorina da kada da ayu. Ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayar da ɗanta nono, ciyawa take ci, ba ta cutar kowa. Ta yi ƙaranci ƙwarai, shi ya sa doka ta hana kashe ta.

Kifi ba ya jira. In ya wuni cikin zafi sai ya ruɓe. Wanda ba a sayar ɗanye ba, mata suke yin bandarsa. Sukan fasa cikinsa su wanke, su yanka manya gunduwa gunduwa, su naɗe tarwaɗa kamar gammo. Sai su jera a kan waya bisa tanda, su hura wuta marar harshe, mai hayaƙi. Ana juyawa har ya bushe ya yi ja. Banda mai kyau takan yi makonni ba ta lalace ba, ana kai ta Doso da Yamai da kasuwannin Najeriya.

6. Giginya

Tsakanin kogi da Dallol Mawri akwai dajin giginya mafi girma a Nijar, kimanin hekta 30,000. Giginya doguwa ce, takan kai mita 20, tana da kumburi a sama da tsakiyarta. Ganyenta yana can ƙoli, shi ya sa ake mata kirari: «Giginya, na nesa ka sha inuwarki.» Wannan ya yi wa manomi daɗi, don inuwarta ba ta danne shuka. Ana noman gero da wake a ƙarƙashinta.

Akwai giginya namiji, akwai mace. Macen ce take ƴaƴa, manya, masu nauyi, masu ƙanshi in sun nuna. Yawanci kowane ɗa yana da ƙwallo uku a ciki. Babu abin yarwa a jikin giginya. Ana shan ƴaƴanta. Ana saƙa tabarma da maburkaci da kwando da ganyenta, ana yin shinge da kujeru da hannuwanta. Gangar jikinta ake tsagawa a yi azara ta rufin soro. Gara ba ta cin azarar giginya da sauƙi, takan yi shekaru da yawa a kan ɗaki.

Sai kuma muruci. Akan tara ƙwallayen giginya a binne su cikin rairayi a jere. Bayan wata shida ko fiye, kowane ya tsiro da wani abu mai kama da ƙaramar doya. Shi ake tonowa a dafa ko a gasa. Murucin Gaya ya yi suna, mata da yawa da shi suke samun kuɗin cefane.

Amma a nan akwai abin lura. Duk ƙwallon da ya zama muruci ba zai zama giginya ba. Kuma giginyar da aka sare cikin sa'a guda ta yi shekaru masu yawa tana girma. In ana sara ana tsince ƴaƴa, ba a shukawa, wata rana sai a wayi gari babu dajin. A da ma'aikatan gandun daji kaɗai suke da iko da giginya, mutanen ƙauye suna ganin ba tasu ba ce, ba su damu da tsaronta ba. A shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka sa ƙauyuka cikin aikin. Suka kafa kwamitoci masu gadi, masu ƙidayar abin da za a sara, masu shuka sabbi, kuma wani kaso na kuɗin azara yana komawa ga ƙauye. Abin da mutum ya san nasa ne, shi yake tsarewa.

7. Gishirin Foga

Mutanen bakin teku suna samun gishiri daga ruwan teku. Mutanen Dallol Foga daga ƙasa suke samunsa. Da rani, in fadama ta bushe, sai gishiri ya taso ya yi fari a bisa ƙasa. Masu aikin gishiri su kankare wannan ƙasa su tara. Sai su zuba ta cikin manyan kwanduna, su kwarara ruwa a kai. Ruwan ya narkar da gishirin, ya tsiyaye cikin tukunya, ƙasar ta saura a kwando. Daga nan a ɗora ruwan a wuta, a yi ta dafawa har ya ƙone, gishiri ya rage. In ya bushe sai a ƙunshe shi cikin ganyen giginya ko kaba. Ƙasar da aka gama tacewa ana zubar da ita wuri guda, shekara da shekaru, har ta zama tuddai. Wanda ya je wajen Bengu ko Kawara Debe zai gan su.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ta nan da jakunansu. A 1853 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetare kwarin Foga a kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Sayi, ya rubuta yadda ya ga ana dafa gishiri. Makiyaya suna son gishirin Foga saboda dabbobinsu. Wahalar aikin ita ce itace, don dafa gishiri yana cin makamashi da yawa. Kuma gishirin da za a sa a miya ya kamata ya zama mai sinadarin iyodi, wanda yake hana ciwon maƙoƙo.

8. Abincin Gaya

Abin da ƙasa ta bayar shi ake gani a akushi. A Gaya shinkafa da kifi su ne kan gaba. Akan yi tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, mai tumatir da albasa da tattasai. Akan yi dafa-duka da banda. Akan soya karfasa a barbaɗa mata yaji. Ko miyar kuka ce ko ta kuɓewa, ɗan gutsuren banda da daddawar ɗorawa sun isa su gyara ta. Kifi yana gina jiki kamar nama, ga shi ya fi nama araha a bakin kogi.

Tuwon gero da na dawa da na masara suna nan kamar ko'ina. Da safe akwai koko da ƙosai. Da rana matan Fulani suna kawo nono a dama fura. Akwai dambu, akwai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa ke kira kopto.

Maƙwabtaka da Benin da Najeriya ta ƙara wa tukunyar Gaya wasu abubuwa. Daga kudu ake kawo doya, a dafa a kirɓa a turmi a yi sakwara. Daga can manja yake zuwa, da abarba da ayaba, da garin rogo. Ɗan lakwal da ya dawo da yunwa yakan jiƙa garin rogo, ya sa mai da albasa da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Da ɗari ga rake da muruci, da bazara ga mangwaro har ya yi yawa.

9. Gada da iyaka

Turawan mulkin mallaka ne suka raba ƙasar Dandi. Faransa ta riƙe Nijar da Dahome, wadda ta koma Benin a 1975. Ingila ta riƙe Najeriya. Ƙasashen uku sun sami ƴancin kai a 1960, iyakokin suka zauna. Amma dangi ba su rabu ba. Mutum yana Gaya, gwaggonsa tana Malanbil, kawunsa yana Kamba. Ana auratayya, ana zuwa suna da jana'iza. A Gaya da Malanbil da sefa ake ciniki, a Kamba da naira, ƴan canji suna zaune tsakani.

A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ita ce hanyar teku mafi kusa da babban birnin Nijar. Shekara da shekaru yawancin kayan da ƙasar take saye daga ƙetare ta kan wannan gada suka riƙa shigowa: shinkafa, sukari, magunguna, motoci, kayan gini. Albasa da wake da dabbobi kuma suka riƙa bi ta kai suna yin kudu. Direbobi da ƴan dako da ma'aikatan duwan da masu tuwo a tasha duk a nan suka riƙa samun abinci.

Iyakar cikin ruwa tana da wuyar shatawa. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Lete, wanda yake sama da Gaya. Maimakon faɗa sai suka kai magana Kotun Duniya da ke ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta yanke hukunci: iyaka tana bin inda kogi ya fi zurfi, hanyar jirage. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Ƙasashen biyu suka karɓa.

A ƙarshen Yuli na 2023, bayan canjin mulki a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar. Ɗaruruwan manyan motoci suka tsaya a Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma shekarar ta ƙare ba a buɗe gadar ba. Kaya suka koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso, farashi ya hau, masu aiki a tasha da yawa suka rasa abin yi. Mutanen gaɓa biyu kuwa suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, wato jirgin ruwa. Da shi aka yi ta ƙetarar da fasinja da buhuna.

10. Kogi yana son kulawa

Kogin da yake ciyar da Gaya yana da nasa cututtuka. Inda aka sare itatuwa, ruwan sama yana kwashe rairayi ya zuba a kogi, kogi ya cike. In ya cike, da rani jirgi ba ya wucewa, da damina ruwa ya yi ambaliya. A 2012 da 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa da gidaje masu yawa a bakin kogin Isa. Akwai kuma wata baƙuwar ciyawa mai shuɗin fure, mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, wadda take toshe hanyar jirgi da bakin injin ban ruwa.

Kifi ma yana raguwa in an matsa masa. Wanda ya yi su da gidan sauro ko raga mai ƙananan ido ya kwashe har ƴaƴan kifi, baɗi ba abin da zai kama. Doka ta hana irin wannan raga, ta hana su da guba.

Yara kuma su yi hattara. A ruwan da yake kwance akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Tana shiga ta fata lokacin wanka. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyayensa a kai shi likita, don ciwon yana da magani. Ba a fitsari ko bayan gida a ruwa. Ba a shiga jirgin da ya cika fiye da kima, ba a kusantar dorina, balle mai ɗa.

Da la'asar sakaliya baƙo yakan hau tudun da ke bayan gari. Daga nan zai ga kogi shimfiɗe, da fangalin shinkafa, da kawunan giginya, da rufin gidajen Malanbil a ƙetare. Zai ga masunta sun fara tura jirage, za su shimfiɗa kallin da za su ɗebe gobe da asuba.

Ma'anar kalmomi

Dallol: kwarin tsohon kogi da ya ƙafe.
Fangali: ɗan fili mai kunya kewaye, inda ake tare ruwa don shinkafa.
Burtali: hanyar dabbobi tsakanin gonaki.
Banda: kifi ko nama da aka busar da hayaƙi.
Azara: tsagin giginya na rufin ɗaki.
Takunkumi: hana wata ƙasa ciniki da zirga-zirga da maƙwabtanta.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe biyu ne suke kusa da Gaya? Ku faɗi gari ɗaya a kowace.
2. Me ya sa kogin Isa yake cika da ɗari, alhali ba a ruwan sama?
3. Mene ne bambancin birgi da kalli?
4. Me zai faru in aka mai da duk ƙwallayen giginya muruci?
5. Yaya ake fitar da gishiri daga ƙasar Foga?
6. Yaya Nijar da Benin suka warware maganar tsibirin Lete?
7. Su wa suka wahala da aka rufe gada a 2023? Don me?

Aiki

1. Ku zana taswirar kogin Isa daga Gine zuwa teku. Ku sa Tambutu, Gawo, Yamai da Gaya.
2. Lissafi: mai banda ta sayi kifi na jika 6, ta sayi itace na dala 100, ta sayar da bandar jika 8. Nawa ta ci riba?
3. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku: daga ina ruwan garinku yake fitowa, kuma wane itace ne ya yi yawa a da, yanzu ya ragu? Ku rubuta amsarsa cikin layi goma.